Jiri: Abin da Ido Ke Faɗa Game da Kunne

Jama'a masu sauraronmu na nan Libreville, na Akébé da Nombakélé da Lalala da Nzeng-Ayong, da masu kama mu daga Owendo, har 'yan'uwa na Oyem da Bitam, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake saduwa a filinmu na kiwon lafiya. Yau a kan jiri za mu yi magana, da hajijiya, da tangaɗin da mutum kan yi alhali bai sha komai ba.

Kowa ya san yadda abin ke tafiya a wajenmu. Mutum ya ce jiri na ɗibarsa, sai a ce a auna jini ko ya hau. In jini daidai yake, a ce maleriya ce ko taifod. In gwaji bai nuna komai ba, a koma kan ƙarancin jini, a sayo kwalbar maganin ƙarin jini, a dafa hanta da alayyafo. In duk an yi wannan ɗaki bai daina juyawa ba, sai a fara ƙus-ƙus, ko iska ce, ko an yi masa wani abu. Hawan jini da maleriya ba abin wasa ba ne, a auna su, ban hana ba. Amma duk wannan zagayen da wuya ka ji wanda ya ce a duba kunne, alhali jirin da ake ganin ɗaki na juyawa, mafi yawansa daga can cikin kunne yake tasowa.

Ƙwaƙwalwa ba ta ganin inda jiki yake da kanta. Zaune take a cikin ƙoƙon kai kamar alƙali, sai abin da shaidu suka kawo mata, kuma shaidun uku ne. Na farko ido. Na biyu tafin ƙafa da gaɓoɓi da wuya, masu gaya mata irin ƙasar da aka taka da yadda jiki ya karkata. Na uku kunnen ciki. In bakinsu ya zo ɗaya, kana tafiyarka ba ka ma san ana wani aiki ba. In ɗaya ya saɓa wa sauran, shi ne kake jin jiri, zuciya ta tashi, gumi ya karyo. Aikin likita shi ne ya ware shaidun nan, ya tambayi kowanne shi kaɗai.

Bari mu leƙa na ukun, tunda shi ne ba a sani ba. Bayan dodon kunne, can cikin ƙashi mai tauri, akwai wani ɗan gurbi da bai fi kan ɗan yatsa ba. Sashe ɗaya na ji ne. Ɗaya sashen ba ruwansa da ji. A cikinsa akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, kowanne na fuskantar wani ɓangare. Ka girgiza kai, ko ka gyaɗa shi, ko ka karkata shi zuwa kafaɗa, ruwan zai ɗan yi jinkiri, ya tura wasu siraran gasu, su kuma su aika saƙo. Kusa da bututun akwai 'yan jakunkuna biyu ɗauke da ƙananan ƙwayoyi irin na alli, ido ba ya ganinsu. Nauyinsu ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa ina ne sama, ina ne ƙasa.

Ga gwajin da za ku yi yanzu, in ba tuƙi kuke ba. Ku ɗaga tafin hannu gaban fuska, ku kalli zanen da ke ciki. Ku riƙe hannun cak, ku girgiza kai hagu da dama da ɗan sauri. Zanen na nan raɗau. To yanzu ku tsai da kai, ku kaɗa hannun da irin wannan saurin. Ya dusashe, ko? Dalili shi ne, a karon farko kunne ne ke jan ido. Kai ya juya dama, kunne ya umarci ido ya juya hagu daidai gwargwado, cikin kimanin kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa. A karo na biyu ido ne ke bin hannu shi kaɗai, shi kuwa ya ninka haka jinkiri kusan sau goma.

Wannan haɗi shi ne ginshiƙin duk binciken. Fitilar da likita ke leƙa kunne da ita a dodon kunne take tsayawa, ba ta ganin bayansa. Amma in kunnen ciki ya aiko saƙon ƙarya cewa kai na juyawa, ido zai yi biyayya: ya zame a hankali gefe guda, ya fizgo ya dawo, ya sake zamewa. Wannan rawar ido ita likita ke nema. Saboda haka in kun je da ciwon da aka ce na kunne ne kuka ga likita ya tsura wa idonku ido, kada ku ce bai ji bayaninku ba.

Kafin ya taɓa ku, tambaya biyu zai yi, kuma rabin aikin na cikinsu. Jirin yana ɗaukar tsawon wane lokaci? Kuma me ke tayar da shi? "Kullum nake jinsa, likita" ba amsa ba ce. Juyawar kanta, daƙiƙa nawa ce, ko minti, ko awa, ko kwana?

Wanda ya fi yawa shi ne mafi gajarta. Hajiya ta juya a kan gado da asuba, sai rufin ɗaki ya kama gudu. Alhaji ya sunkuya ruku'u, ko ya ɗago daga sujada, sai ya ga sahu ya karkace, ya dafa na kusa. Mai shago ya ɗaga kai zai sauko da kaya daga kanta ta sama. Abin ba ya kai minti ɗaya, in an tsai da kai ya lafa, a sake irin wannan motsi ya dawo. Abin da ya faru shi ne, wasu daga ƙwayoyin allin nan sun ɓalle daga jakarsu sun faɗa cikin bututu, galibi na baya. Kai ya motsa su gangara, su ja ruwa, kunne ya ce ana juyi alhali ba a yi. Yakan zo da shekaru, ko bayan buguwa a kai, ko doguwar jinya a kwance, kuma ya fi samun mata. Wani bincike da aka yi a Jamus aka wallafa a 2007 ya nuna mutum 2 zuwa 3 cikin 100 za su gamu da shi a rayuwarsu. Likitocin nan Gabon da harufa huɗu suke rubuta shi a takarda, VPPB.

Gano shi ba ya buƙatar na'ura ko wutar lantarki. A 1952 wasu likitoci biyu a Landan, Margaret Dix da Charles Hallpike, suka bayyana hanyar da har gobe ake bi. Za a zaunar da kai a gadon asibiti, a juya kanka rabin juyi zuwa gefe guda, a kwantar da kai da baya da sauri har kan ya ɗan rataya. A jira 'yan daƙiƙoƙi. In a wannan kunnen ƙwayoyin suke, ɗaki zai juya, ido ya kama rawa yana murɗawa, can ya lafa. Ba daɗi, gaskiya. Kuma kowa rufe ido yake so ya yi a lokacin. Don Allah a daure a buɗe, domin in an rufe likita bai ga komai ba, an sha wahalar banza.

Maganin ma da hannu ne. John Epley, likitan kunne a birnin Portland na Amurka, ya yi shekaru abokan aikinsa na yi masa kallon mai wasa kafin a buga hanyarsa a 1992: a juya kai mataki-mataki, ana dakatawa, har ƙwayoyin su bi bututun su koma jakarsu. A ƙasashe masu Faransanci an fi sabawa da ta Alain Semont, mai gashin ƙashi ɗan Faransa, wadda ya bayyana a 1988, inda ake kifar da mutum daga wannan gefe zuwa wancan da sauri. Kusan mutum takwas cikin goma kan warke a zama ɗaya ko biyu. Minti goma, ba allura, ba ƙarin ruwa. Abin takaici shi ne a ga mutum ya yi wata uku yana sallah a zaune, yana barci a jingine, a kan abin da za a gama kafin shayi ya huce. Sallah a zaune ga maras lafiya halas ce, malamai sun yi bayani, amma a nemi maganin. Na san akwai bidiyon wannan juyi a waya. Kada a fara da shi kafin likita ya faɗi wane kunne ne da wane bututu, musamman mai ciwon wuya.

Sai batun ƙwayoyi. A famasi za a miƙo maka Tanganil, wanda ya zo daga Najeriya ya fi sanin Stugeron da Stemetil. Ba ɗaya a cikinsu da ke mayar da ƙwayar alli mazauninta. Irin su Stugeron da Stemetil suna da amfani kwana biyu ko uku, lokacin da amai ya hana mutum sakat. In aka zarce makonni, suna danne saƙon da ƙwaƙwalwa ke buƙata don ta koyi sabon daidaito, a tsofaffi kuma sukan kawo rawar hannu da sanƙarewar jiki.

Yanzu a kasa kunne da kyau, don nan ne rai ke ciki. Akwai jirin da ke faɗowa farat ɗaya ya ƙi tafiya: kwana ɗaya, biyu, uku, ga amai, ga tangaɗi, ko an kwanta shiru yana nan. Sau da yawa kumburin jijiyar kunne ne, wanda ake dangantawa da ƙwayar cutar bairos, kuma yana lafawa. Amma wani lokaci jini ne ya toshe a ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya, wato irin ciwon shanyewar ɓarin jiki, sai dai ya zo ba tare da hannu ko ƙafa sun mutu ba. A ido, kamanninsu ɗaya. Hoton sikana kuwa sau da yawa ba ya nuna wannan wurin a farko.

Nan ma ido ne ke raba gardama. Likita zai ce ka kalli hancinsa, ya riƙe kanka ya ɗan fizga shi gefe, gwajin da Michael Halmagyi da Ian Curthoys suka fito da shi a Ostareliya a 1988. In idonka ya tafi tare da kai sannan ya yi tsalle ya dawo kan hancin, jijiyar kunne ce ta yi rauni. Abin mamaki, wannan shi ne labari mai daɗi. In kuwa ido ya tsaya daram alhali mutum na fama da juyi da rawar ido, to kunne lafiya yake, sai a ji tsoron ƙwaƙwalwa. Zai kuma duba ko rawar idon na sauya alƙibla in ka kalli hagu ka kalli dama, ya rufe ido ɗaya ya buɗe ya ga ko ɗaya ya fi ɗaya hawa. A 2009 Jorge Kattah da David Newman-Toker da abokan aikinsu a Amurka suka gwada waɗannan matakai uku a kan majinyata 101. Ba su kuskure ko mutum ɗaya mai toshewar jini ba, alhali babban hoton maganaɗisu, wanda a nan ake ce wa IRM, ya kuskure kashi 12 cikin 100 a kwana biyun farko. Sai dai wannan aikin ƙwararre ne, ba na gida ba.

Na gida shi ne ku san alamomin da ba a kwana da su. Jiri tare da ganin abu bibbiyu, ko harshe ya yi nauyi, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko mutum ya kasa ko da zama sai an tallafe shi, ko sabon ciwon kai mai tsanani a ƙeya, ko kunne ɗaya ya toshe ɗif nan take. Musamman ga mai hawan jini, mai ciwon suga, mai shan taba, ko wanda ya manyanta. A nemi mota a nufi sashen gaggawa, ko babban asibitin koyarwa na Libreville, ko na Owendo, ko asibitin sojoji na Omar Bongo Ondimba da ke PK9. Ba a jiran gari ya waye.

A tsakanin gajeren da dogon akwai na awanni. Wanda ke zuwa daga minti 20 zuwa awa 12, kunne ɗaya ya cika yana ƙugi, ji na raguwa, shi ne ciwon da Prosper Ménière ya bayyana a Paris a 1861, a zamanin da ake ɗora kowane jiri a kan ƙwaƙwalwa. Yana buƙatar gwajin ji, kuma akan ce a rage gishiri da dunƙulen miya. Masu ciwon ɓarin kai ma sukan yi jiri, wani lokaci ko kan bai yi ciwo ba, sai dai haske da hayaniya su dame su.

In ana so a auna ƙarfin kowane kunne shi kaɗai, akwai gwajin ruwa. Robert Bárány, likita a Vienna, ya lura masu zuwa wankin kunne na yin jiri in ruwan ya yi sanyi, in ya yi zafi kuma idon ya yi rawa ta ɗaya gefen. A kan wannan aiki aka ba shi kyautar Nobel ta 1914, labarin ya iske shi yana fursunan yaƙi a hannun Rasha. Yau ana zuba ruwa mai ɗumin digiri 30, sannan mai 44, a kowane kunne, ana ɗaukar idon da kyamara. Darasin da ke ciki ga iyaye mata: a daina ɗura ruwan sanyi ko man zafi a kunnen yaro, balle kunnen da ke zubar da ruwa.

To shi idon fa, ba ya laifi? Yana yi. Wanda ya taɓa tsayawa a cunkoson hanyar unguwannin PK ya san wannan: motar gefe ta matsa gaba, sai ka ji kamar taka ce ke komawa baya, ka danna birki da ƙarfi alhali a tsaye kake. Ido ne ya ruɗe ka. A jirgin ruwan Port-Gentil kuma akasin haka ne. Kana zaune a ciki, ido na ganin kujera da bango a tsaye, kunne na jin teku na ɗagawa yana saukewa. Shi ya sa kallon waya ke ƙara tashin zuciya, fita waje a kalli inda ruwa ya haɗu da sama kuma ke rage shi. In an sauka aka ji ƙasa na lilo na 'yan awanni, ko kwana ɗaya, ba komai ba ne.

Akwai waɗanda wannan ruɗu ya zame musu ciwo. Sun taɓa yin jirin kunne, kunnen ya warke, amma ƙwaƙwalwa ta daina yarda da shi, ta jingina kacokan a kan ido. Irin wannan mutum lafiya lau yake a ɗakinsa. Ya shiga kasuwar Mont-Bouët, ga mutane na kai da kawo, ga atamfofi rataye launi-launi, ga 'yan baro na kutsawa, sai ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, kai ya yi fayau. Haka in yana jan hotuna a waya da sauri. Adolfo Bronstein ya bayyana wannan a Landan a 1995, a 2017 kuma ƙungiyar masana jiri ta duniya mai ɗauke da sunan Bárány ta fitar da ƙa'idar gane nau'insa da ke daɗewa wata uku ko fiye. Ɗan kasuwar da ke cikin wannan hali yakan ɓoye, kada a ce ya taɓu, ko a ce maƙiya ne suka kore shi daga rumfa. Ba haka ba ne. Kuma zaman gida ƙara shi yake. Maganinsa atisaye ne a hannun mai gashin ƙashi, wanda a nan kuke ce wa kine: a saba wa ido da motsi kaɗan-kaɗan, a fara da bakin kasuwa da sassafe kafin a kai tsakiyarta.

Yadda ake gane wanda ya jingina a kan ido tsohuwar dabara ce ta Moritz Romberg, likitan Jamus na ƙarni na 19. Ka tsaya ƙafa a haɗe, ka rufe ido. In ka fara lilo, to da ido kake tsaye. Sai a ɗora ka a kan soso mai laushi ka sake rufe ido. Yanzu an ɗauke ido, an ruɗa ƙafa, saura kunne shi kaɗai. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji sosai tun a matakin farko yake tangaɗi. Wannan ne dalilin da tsoho ke tafiyarsa lafiya da rana, amma in wuta ta ɗauke da dare ya tashi kama ruwa sai a ji faɗuwarsa. A ajiye masa tocila a gefen shimfiɗa, a kau da buta da tabarmar da ke naɗewa daga hanya.

Wani likita mai suna John Crawford ya rubuta labarin kansa a 1952. An yi masa allurar streptomycin sama da wata biyu saboda ciwon gwiwa, ta kashe masa sashen daidaito a kunnuwa biyu. Shi ba juyi yake gani ba. In yana tafiya duniya ce ke tsalle a idonsa, ba ya iya karanta allo sai ya tsaya cak, ba ya gane fuska, har ya koma gaida duk wanda ya gifta don kada ya wuce na sani. Wannan ya shafe mu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Gabon cikin ƙasashe 30 da tarin fuka ya fi yi wa nauyi, kuma alluran wannan dangi sun daɗe ana amfani da su a kansa, kodayake tun 2018 hukumar ta ce a bar kanamycin. 'Yar'uwarsu gentamicin kuwa har yau ana tsira wa mutane ita a unguwa don ƙaramin ciwo. Wanda ke kan irin wannan allura ya ji ƙugi a kunne, ko ya ga abubuwa na rawa in yana tafiya, ya gaya wa likitansa a ranar. Mai karɓar maganin tari a asibitin Nkembo kada ya yanke da kansa, ya je a sauya masa. Kinin ma na sa ƙugi da jiri, amma nasa kan wuce in an gama sha.

Sai tabarau. Na karatu da ake saya a tire don karatu aka yi shi, ba don tafiya ba. Mai hawa biyu kuma, sashensa na ƙasa na dusasar da matakala da bakin kwata, ga unguwanninmu da gangare da santsi in damina ta kankama. Yanar ido ma haka: a Nottingham ta Ingila an nuna a 2005 cewa cire ta a ido ɗaya ya rage faɗuwar mata tsofaffi da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Wanda kuma duhu ke rufe masa ido in ya miƙe tsaye, ba juyi, wannan ba kunne ba ne, ba ido ba. Jini ne ke sauka, saboda zafi da gumi, ko azumi, ko maganin hawan jini ya yi yawa. A auna shi a kwance, a sake aunawa bayan ya miƙe da minti uku.

In za ku je wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro, wato ORL, ku tafi da kwalayen duk magungunan da kuke sha, har na gargajiya, da tabaranku. In jirin ya taso a gida, wani ya ɗauki idon maras lafiya a bidiyon waya, kusa-kusa, na rabin minti, domin sau da yawa kafin a isa asibiti rawar ta tsaya. Ku je da ɗan rakiya, kada ku tuƙa kanku. In an sa muku ranar gwajin kyamara, ku tambaya ko za ku dakatar da maganin jiri kwana biyu kafin nan, ku ci abinci kaɗan. Iyayenmu mata da 'yan'uwa, ranar a haƙura da kwalli, domin kyamarar baƙin ƙwayar ido take bi, baƙin kwalli na ruɗa ta.

Nan za mu dakata. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.